Kwikwiyo ya kumbura ciki, ga zawo: me za a fara dubawa?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman haske wajen masana. Kwikwiyo ne ɗan sati bakwai, nauyinsa kilo 2, kwanansa uku da rabuwa da uwarsa. Cikinsa ya yi tulu, yana ta ƙugi, kashinsa kuma ya koma ruwa-ruwa tun jiya. Yana ci, yana ɗan wasa. Wasu sun ce a hana shi abinci yini guda cikin ya huta, wasu sun ce a ɗura masa madara. Wanne za a bi?

Dokta Na Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Duka biyun a ajiye su tukuna. Kumburi alama ce, kuma abubuwan da ke kawo ta sun bambanta, daga wanda zai wuce da kansa zuwa wanda ke kisa cikin dare ɗaya. Ka yi dubawa uku yanzu, ba za su ci minti biyar ba.

Ka tsayar da shi kan ƙafafunsa huɗu, ka sa tafin hannu ta kowane gefe bayan haƙarƙari, ka matsa a hankali. Idan cikin yana lotsawa, shi kuma bai damu ba, da sauƙi. Idan ya yi tam kamar ganga, ko ya yi ƙara, ko ya gantsare baya, wannan ba na gida ba ne.

Sai ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi. Mai lafiya jaja-jaja ne, da danshi, yatsa na zamewa a kai. Ka danna da yatsa wurin ya yi fari, ka saki: launin ya kamata ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashin da ya yi fari fat na nuna jini ya yi ƙasa, wanda yatsa ke mannewa a kai kuma ruwan jiki ne ya ragu. Jan fatar wuya da ake yi wa babban kare ba ya faɗin gaskiya sosai a ƙaramin kwikwiyo, kada ka dogara da shi.

Na uku zafin jiki. A shafa wa bakin ma'aunin zafi ɗan mai, a sa a dubura kamar santimita 2. A wannan shekarun digiri 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Salsiyos ne daidai. Sama da 39.5 ko ƙasa da 37.5, a tafi asibiti. Haka ma idan akwai jini a kashi, ko kashin ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai ya kai sau uku, ko ya ƙi abinci sau biyu a jere, ko ya kwanta sharaf ba ya kula kowa.

Sarkin Karnuka:
Dokta, da girmamawa, maganar hana abinci ba daga sama ta faɗo ba. Tun da daɗewa haka ake yi wa kare mai zawo, a ɗauke kwano sa'a 12 zuwa 24, a bar masa ruwa, kuma yana tsayawa. Hanjin da ke ciwo in ana ta ƙara masa aiki yaushe zai warke?

Dokta Na Dabbobi:
Ranka ya daɗe, babban kare zai iya jure wannan, shi ya sa dabarar ta yi suna. Kwikwiyo mai kilo 2 ba shi da wannan rumbun. Sukarin da hantarsa ke ajiyewa kaɗan ne, in aka bar shi da yunwa ga kuma zawo, sukarin jininsa na iya faɗuwa cikin 'yan sa'o'i. Sai a ga yana tangaɗi, jiki na rawa, daga nan sai farfaɗiya. Ƙananan jinsi su suka fi saurin shiga wannan hali. Sannan shi kansa bangon hanji daga abincin da ke wucewa ta cikinsa yake samun abin gyara kansa, shi ya sa ko kwikwiyon da aka kwantar a asibiti ana ƙoƙarin fara ba shi abinci da wuri da zarar amai ya lafa.

Inda na yarda da kai shi ne a rage wa hanjin nauyi. A rage yawan abin da ake zubawa a lokaci ɗaya, a cire maiƙo. Idan ya yi amai sau ɗaya, a dakata kamar sa'a 2, a gwada ruwa kaɗan, in ya zauna sai abinci.

Duk wanda ya ga alamar faɗuwar sukari, ya lakaci zuma ko ruwan sukari mai kauri ya goga a dasashi, ya nufi asibiti. Kada a zuba ruwa a bakin wanda ba ya iya haɗiya, huhu zai tafi.

Sarkin Karnuka:
To na karɓa a kan ƙanana. Bari in kama ta inda na fi ƙarfi. Ɗan Koyo, ka ce kwana uku da rabuwa da uwa. Me yake ci a can, me kake ba shi yanzu? Yawancin zawon satin farko daga nan yake. An canza masa gida, an raba shi da 'yan uwansa, an kuma canza abinci rana ɗaya. Ƙwayoyin da ke hanjinsa sun saba da abu guda, sai ga baƙo ya sauka, abin da bai narke ba ya ruɓe ya ba da iska, ga ƙugi ga kumburi. In za ka iya samun tsohon abincinsa, ka mayar da shi kai, shi ne gyara mafi sauƙi.

In ba ya samuwa, a dafa tsokar kaza ba fata ba ƙashi, ba gishiri ba mai ba kayan ƙamshi, a yayyaga ta ƙanana. A dafa farar shinkafa ta yi luguf. Kashi ɗaya na kaza, kashi biyu na shinkafa. A fara da babban cokali ɗaya, a jira sa'a guda. In bai dawo da shi ba, sai cokali biyu duk bayan sa'a 3 zuwa 4, sau biyar ko shida a yini. Wannan abincin jinya ne na kwana biyu ko uku kawai. Babu isasshen kalsiyam a ciki, kuma wanda ƙashinsa ke girma in ya daɗe a kai ƙafafu za su nuna.

Komawa abinci na dindindin kuma a sati guda ake yi: kwana biyu rubu'i sabo sauran tsoho, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu rubu'i uku, ranar bakwai sabon zalla. Duk matakin da kashi ya sake saki, a koma na baya a ƙara kwana biyu.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai. Na duba: ciki na lotsawa, dasashi ja ne da danshi, zafi 38.6. Abinci kuwa busasshen na leda ne aka fara ba shi, ana cika kwano safe da yamma, yana kuma wawure shi nan take. An ɗan ba shi madarar shanu ma.

Sarkin Karnuka:
Ai ka gama ba da amsa da bakinka. Ka ɗebi tafi guda na busasshen abincin nan ka zuba a kofin ruwa mai ɗumi, ka dawo bayan minti 20 ka ga yadda ya kumbura ya cika kofin. Abin da ke faruwa a tumbinsa ke nan, ga iskar da yake haɗiya garin sauri. Ɗan sati bakwai sau huɗu yake ci a yini har ya kai wata uku, sau uku zuwa wata shida, sannan sau biyu. A auna na yini bisa jadawalin da ke jikin ledar a raba shi gida huɗu, a jiƙa kafin a ba shi. Mai wawura kuma a baza masa a faffaɗan faranti, dole ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya. In su da yawa ne, kowa da nasa kwano nesa da juna, don rabin saurin nan tsoron ɗan uwa ne. Buhun abincin a ɗaga shi sama, kwikwiyo in ya samu buɗaɗɗen buhu ba ya sanin ƙoshi.

Uwar Marayu:
Madarar nan a daina ta yau. Nonon karya ya ninka na saniya kusan sau biyu a maiƙo da furotin, amma sukarinsa bai kai na saniya ba. Bayan yaye kuma sinadarin da ke narkar da sukarin madara a hanji raguwa yake yi. Sukarin da bai narke ba ya zarce babban hanji, ya jawo ruwa, ya yi tsami. Zawo da kumburi a tare ke nan.

Ruwa kuwa a bar masa mai tsabta kullum a gabansa. In yana ƙin sha, a haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi yadda aka rubuta a jikinsa, a ja a sirinji marar allura, mililita 2 zuwa 3 duk minti 15. Ta gefen baki ake sawa, tsakanin kunci da haƙori, a hankali, ana barinsa yana haɗiya da kansa. Kada a ɗaga kansa sama a tsiyaya.

Mai Madubi:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma kada abinci ya ɗauke mana hankali daga tsutsa. Kwikwiyo mai ƙaton ciki, ƙashin baya a fili, gashi ba sheƙi, abu na farko da nake zargi ke nan. Doguwar tsutsar nan fara mai kama da zaren taliya tun yana cikin uwa take shigarsa ta mahaifa, don haka tsabtar gida ba ta hana a haife shi da ita. Akwai kuma ƙaramar mai ƙugiya da ke bi ta nono, ita jini take tsotsa a bangon hanji, ita ke kawo farin dasashi da baƙin kashi, kuma tana iya kashe ɗan sati biyu zuwa uku kafin ma a ga ƙwanta a gwaji. Ɗan Koyo, an ba shi maganin tsutsa?

Ɗan Koyo:
An ce an ba shi sau ɗaya yana ɗan sati huɗu.

Mai Madubi:
Sau ɗaya bai isa ba. Maganin yana kashe waɗanda ke cikin hanji a ranar ne, 'ya'yan da ke yawo ta hanta da huhu suna nan, bayan kwanaki su sauko hanji su girma. Shi ya sa tsarin yake sati 2, 4, 6, 8, sannan duk wata har wata shida, uwar ma a ba ta tare da su.

Biyu aka fi amfani da su a ƙanana. Firantel, miligiram 5 zuwa 10 kan kowane kilo, sau ɗaya, a maimaita bayan sati biyu. Fenbendazol, miligiram 50 kan kowane kilo, kullum har kwana uku. Inda ake yin ɓarna shi ne ƙarfin ruwan maganin, domin kwalba ta bambanta da kwalba. Fenbendazol mai kashi 10 cikin ɗari yana da miligiram 100 a kowace mililita, ke nan mai kilo 2 zai sha mililita 1 a rana. Firantel mai miligiram 50 a mililita kuwa, 0.2 zuwa 0.4 ne kacal nasa. A ɗora shi kan sikeli a ranar, kada a kintata da ido, kuma a bar likita ya tabbatar da lissafin. Bayan an ba shi za a iya ganin tsutsa a kashi kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin tashin hankali ba ne.

Abin da ya fi shi ne a kai kashin gwaji. Kamar ƙaramin cokali ɗaya, sabo, wanda bai cuɗanya da ƙasa ba, a rufaffen mazubi, a kai a ranar. Dalili kuwa akwai ƙwayoyi biyu da ido ba ya gani. Koksidiya tana kawo zawo mai majina, wani lokaci da ɗigon jini, tana kuma son tashi daidai lokacin yaye da canjin gida, kuma maganin tsutsa ba ya taɓa ta. Jiyadiya kuma kashinta fari-fari ne mai maiƙo da ɗoyi, yau ya tsaya gobe ya dawo, kuma gwaji ɗaya na iya kuskure ta, sai an maimaita.

A riƙa kwashe kashin kullum. Ƙwan doguwar tsutsar sai ya yi makonni a ƙasa kafin ya zama mai kamawa, kuma yana kama yara masu wasa da ƙasa suna kai hannu baki.

Baƙon Zaure:
Tambaya. Ana yawan cewa tafarnuwa na kashe tsutsa, wasu kuma suna ɓare metronidazol (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ko maganin tsayar da zawo na mutane su ba kare. Ya abin yake?

Dokta Na Dabbobi:
Tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Kwikwiyon da tsutsa ta riga ta shanye masa jini a ƙara masa wannan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Loferamid, mai tsayar da zawo, yana daskarar da hanji ya riƙe gubar da jiki ke son fitarwa, kuma a wasu karnuka irin su Koli yana ratsawa ƙwaƙwalwa. Farasitamol na lalata hanta da jini in an kuskure awo, ibufurofen na huda tumbi ya taɓa ƙoda. Metronidazol yana da wurinsa, amma zawon canjin abinci ba ya bukatarsa, yana hargitsa ƙwayoyin hanji masu amfani, in ya yi yawa kuma sai a ga kare na layi ido na rawa. Haka allurar aibamektin, maganin tsutsa na shanu, ƙarfinta ya wuce a kintata wa abu mai kilo 2. Cikin abubuwan gida a kiyaye shi da inabi da busasshensa, cakulan, cingam mai zailitol (wani sinadarin zaƙi da ke maye gurbin sukari), da ɗanyen kwaɓin fulawa mai yis, wanda ke ci gaba da tashi a ɗumin tumbi yana fitar da barasa.

Uwar Marayu:
Bari in ɗan karkata, tunda masu rainon jarirai da kwalba ma za su karanta, kuma nasu kumburin dokarsa daban.

Ɗan ƙasa da sati uku ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, sai uwa ta lashe shi. In babu uwa, a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa ƙasan mara da dubura a hankali bayan kowace shayarwa, minti ɗaya zuwa biyu. Da yawan jariran da cikinsu ya yi tauri suna ta kuka, wannan ne kawai aka manta. Fitsarin da ya fito a kalli launinsa a jikin audugar: kusan kamar ruwa ya kamata ya kasance, in ya yi rawaya sosai ruwa ya yi masa ƙaranci.

Sanyi shi ne babban abokin gaba. A satin farko zafin jikinsu 35 zuwa 37 ne, kuma ba sa iya riƙe shi da kansu, shi ya sa makwancinsu ke bukatar 29 zuwa 32. Jikin da ya sauka ƙasa da 35 hanjinsa tsayawa yake cak. In aka ɗura madara a lokacin, sai ta zauna ta yi tsami, ciki ya kumbura, ta dawo ta shiga huhu. Don haka jaririn da aka taɓa aka ji sanyi, ya daina tsotso, ba a shayar da shi. A ɗumama shi a hankali cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, da gorar ruwan ɗumi naɗe a tawul ko a jikin mutum, sai ya dawo yana neman nono.

Madarar kuma ta 'yan kwikwiyo ce ta musamman, a haɗa ta daidai yadda aka rubuta, domin mai kauri na ɗaure ciki ko ta kawo zawo, a ɗumama ta kusan 38. Tumbinsu ba ya ɗaukar fiye da kimanin mililita 4 kan kowane giram 100 na nauyi a zama ɗaya, ke nan mai giram 300 iyakarsa 12. A kife shi kan cikinsa kamar yadda yake kwanciya jikin uwa, ba a rigingine irin jaririn mutum ba. Hujin kan kwalbar in an juya ta ya riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya. In yana zuba ya yi faɗi, sai ka ga madara ta hanci, in kuma ya toshe iska zai yi ta sha. A auna su kullum lokaci ɗaya: ya kamata nauyin haihuwa ya ninka cikin kwana 7 zuwa 10.

Baƙon Zaure:
To murɗewar tumbi fa da ake jin tsoro? Ba ita ce kumburin da ke kisa ba?

Dokta Na Dabbobi:
Ita ce, sai dai ta fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji da suka manyanta, irin su Giret Den da Jaman Shefad. A ɗan sati bakwai ba kasafai ba. Alamarta yunƙurin amai ba abin da ke fita, yawu na dalala, ya kasa zama ya kasa kwanciya, ciki tam. Tiyata ce, kuma sa'o'i ake ƙirgawa.

A ƙanana abin da ya fi kama da ita biyu ne. Ko ya haɗiyi wani abu, safa, tsumma, ƙashi, totuwar masara, ya tokare hanji. Ko kuma wani sashen hanji ya zurma cikin na gabansa kamar safar da aka juya rabi, wanda yakan biyo bayan zawo mai tsanani ko tsutsa. Duka biyun amai ne da ba ya tsayawa, ciwo in an taɓa, kashi kaɗan ko babu. Wanda ya ga zare na leƙowa ta baki ko dubura kada ya ja, yana iya yanka hanji.

Amma abin da ya fi damuna a batun Ɗan Koyo shi ne farbo, cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka. An yi masa rigakafi?

Ɗan Koyo:
Ba a yi ba tukuna, Dokta. In kai shi a yi masa gobe?

Dokta Na Dabbobi:
Ka kai shi a duba, ka tafi da kashin, amma allurar sai ya warke, ba a yi wa marar lafiya. Farbo ta bayyana a karnuka a 1978, ta fi kama 'yan sati shida zuwa wata shida, kuma tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai kafin ta nuna. Ka ga naka yana cikin wannan tazarar, in ya ɗauko ta daga can ko a hanya. Tana cinye bangon hanji, ta kuma karya fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Takan fara da kasala da ƙin abinci, sai amai, sai zawon jini mai ƙarni da wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Tunda naka yana ci yana wasa, alamu ba su nuna ta ba yanzu, amma ka sa ido sosai daren nan. Ana gwada ta da ɗan kashi cikin kusan minti goma. Wanda aka sa wa ruwa ta jijiya da wuri yawanci yana tashi, wanda aka bari a gida yawanci ba ya kai labari.

Iyakar jinyar gida a wannan shekarun sa'a 24 ce, naka kuma ya fara tun jiya, shi ya sa kada ya wuce gobe ko da ya ɗan ji sauƙi. Rigakafin in ya warke ana farawa daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 2 zuwa 4 har ya kai sati 16, saboda kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko. Kafin a kammala, ba ya taka inda baƙin karnuka ke kashi.

Mai Madubi:
Ƙari kan tsabta: ƙwayar farbo na yin watanni a ƙasa, kuma yawancin ruwan goge ɗaki mai ƙamshi ba ya kashe ta. Bilic, wato ruwan faranta tufafi, ne ke yi, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, a haɗa sabo a ranar. A fara kwashe kashin a wanke wurin da sabulu, domin datti na kashe ƙarfin bilic, sannan a zuba a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Har kwanuka da ƙasan takalmi.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri. An cire madara, ya ci cokalin farko na kaza da shinkafa bai dawo da shi ba. Kashin gwajin in ya yi cikin dare, zai kai safe?

Mai Madubi:
Zai kai in ka rufe shi da kyau, ka ƙulle a leda biyu, ka ajiye a wuri mai sanyi, amma kada ya daskare. In ya sake yi da safe, ka ɗauki na safen ka zubar da wancan.